Resilin ɗin Ɗauki-Ɗai-Ɗai da Kokawar Takobi: Ina Suka Haɗu, Ina Suka Rabu?

Akwai musun da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a majalisun matasa na Gafasa da sauran garuruwan Ajingi da Gaya. Da zarar wani ya dawo daga shagon mai cajin waya da sabon turi, aka kewaye wayar ana kallon ƙartin Amurka suna maka juna da ƙasa, sai gardama ta tashi. Wasu su ce ƙarya ce tsagwaronta, dodorido ne kawai. Wasu su rantse cewa babu yadda za a ɗaga mutum sama a doka shi a kan tebur a ce wasa ake yi. Daga nan sai wani ya jawo kokawar Nijar cikin zancen, ya ce ai ita ma shirya ta ake yi. A nan ne abubuwa biyu da ba ɗaya ba suke cakuɗewa, kuma warware su shi ne abin da wannan sharhi ya sa gaba. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki salo guda da ake samu a ɓangarorin biyu, wato karawar ƙungiya da ƙungiya wadda ake fitar da mutane ɗaya bayan ɗaya, a duba yadda kowane ɓangare yake tafiyar da shi.

Ma'anar kalmomin

Resilin kalmar aro ce daga Turanci. A bakin Bahaushe tana nufin kokawar talabijin irin ta kamfanin WWE, wadda ake yi a kan dandamali mai kusurwa huɗu da igiyoyi uku zagaye da shi. Kokawa kuwa ita ce ta gado, wadda ake yi a kan rairayi, kaye ɗaya ya raba gardama.

A resilin faɗuwa kaɗai ba ta ƙare wasa. Sai an danne kafaɗun mutum biyu a ƙasa alƙalin wasa ya buga hannu sau uku, ko a murɗe shi ya miƙa wuya, ko ya daɗe a wajen dandamali har a ƙirga goma, ko a kore shi saboda karya doka. Wasan ɗauki-ɗai-ɗai shi ne a haɗa ƙungiyoyi biyu, yawanci mutum huɗu-huɗu ko biyar-biyar. Mutum ɗaya daga kowane ɓangare ne yake ciki, sauran suna tsaye a bakin igiya, sai ɗan'uwansu ya taɓa hannunsu su shigo. Wanda aka ci ya fita ke nan, wasa kuma ya ci gaba har sai ƙungiya ɗaya ta ƙare ƙaf. Sunan Survivor Series, bikin shekara-shekara na WWE da aka gina a kan wannan salo, yana nufin gasar waɗanda suka tsira.

Abin da ya haifar da wasan 1987

Ba sha'awar sabon salo ce kawai ta haifar da Survivor Series ba. Kishin kasuwa ne. A lokacin kamfanin yana amsa sunan WWF, sai a 2002 ya koma WWE, kuma Vince McMahon ne mai shi a wancan lokaci. Babban abokin hamayyarsa, kamfanin Jim Crockett, ya saba yin bikinsa mai suna Starrcade a ranar hutun godiya ta Amurkawa, Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. A 1987 Crockett ya yi niyyar sayar da bikin ta tsarin biya-ka-kalla, inda mai gida yake biyan kuɗi na musamman kafin a buɗe masa tashar. McMahon ya ƙirƙiri nasa bikin ya ɗora a daren ranar, sannan ya gaya wa kamfanonin da ke rarraba tashoshi cewa duk wanda ya ɗauki Starrcade ba zai samu babban bikin WWF na shekara mai zuwa, wato WrestleMania, ba. Kusan dukkansu suka bi McMahon. Crockett ya tafka asara, kuma a ƙarshen 1988 ya sayar da kamfaninsa ga Ted Turner, wanda ya mayar da shi WCW.

Dalili na biyu yana jikin mutum ɗaya. A ranar 29 ga Maris 1987, a WrestleMania ta uku, Hulk Hogan, zakaran kamfanin, ya ɗaga André the Giant ya doka da ƙasa, abin da har yau ake nunawa. André Bafaranshe ne, kamfanin yana tallata shi da tsawon ƙafa 7 da inci 4, kuma girman nasa ciwo ne da ke sa ƙashi ya yi ta ƙaruwa. Zuwa wannan shekarar bayansa ya gaji, ba ya iya doguwar karawa. Jama'a kuwa suna son a sake haɗa shi da Hogan. Wasan ƙungiya ya warware matsalar: André zai iya tsayawa riƙe da igiya mafi yawan lokaci, wasu su yi wahalar, shi ya shigo a inda ake buƙatarsa.

Yadda aka yi a daren

Ranar 26 ga Nuwamba 1987, a zauren Richfield da ke jihar Ohio, ƙungiyar Hogan ta ƙunshi shi kansa da Paul Orndorff da Don Muraco da Ken Patera da Bam Bam Bigelow. Ta André kuma akwai King Kong Bundy da One Man Gang da Rick Rude da Butch Reed.

Hogan ya fara fitar da Reed. Daga nan aka yi ta ragewa: Patera ya tafi, Orndorff ya bi shi, Rude ya fita, Muraco ma haka. Sai abin da 'yan kallo ba su zata ba. Hogan ya samu André a ciki, an fara ba-ta-kashi, sai Bundy ya jawo shi waje. Shi da Gang suka tare shi a can suna ɓata masa lokaci, alƙali yana ƙirga, har goma ta cika. Zakaran kamfanin gaba ɗaya ya fita daga wasa ba tare da kafaɗarsa ta taɓa ƙasa ba.

Saura Bigelow shi kaɗai a gaban ƙarti uku, kowannensu ya fi shi nauyi. Sabon shiga ne a kamfanin, ƙaton mutum mai zanen harshen wuta a ƙoƙon kansa, amma yana da zafin nama irin na ƙaramin yaro. Ya kama igiya daga waje ya wuntsulo ya faɗa kan Bundy, aka ƙirga uku. Gang ya hau saman kusurwa ya diro da dukkan nauyinsa, Bigelow ya goce, ya haye shi, aka ƙirga uku. Zauren ya kaure da ihu. Sai André ya tako a hankali, bai gaji ba, ya tarar da mutumin da numfashi ya ƙare wa. Ya matse shi a kusurwa, ya sarƙe hannuwansa ya juya shi ƙasa, wasa ya ƙare.

Mai lura zai ga cewa kowa ya tashi da rabonsa. André ya ci, don haka ya cancanci a sake haɗa shi da Hogan, kuma an haɗa su a Fabrairun 1988 a gaban miliyoyin masu kallon talabijin. Hogan ya fita amma ba a kayar da shi ba, kwarjininsa bai ragu ba. Bigelow ya sha kaye amma ya kwana sananne. Irin wannan rabo da ya daidaita haka ba ya faruwa da ka. Rubuta shi aka yi.

To, gaskiya ne ko shiri?

Amsar tana da fuska biyu, kuma kowane ɓangare na masu musu ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya. Sakamakon shiryayye ne. Akwai marubuta da masu tsara wasa, su suke yanke wa zai ci, da yaushe, da ta wace hanya. Wannan ba zargi ba ne, kamfanin da kansa ya faɗa. A 1989 wakilansa sun shaida wa majalisar dokokin jihar New Jersey cewa abin da suke yi nishaɗi ne ba gasa ta haƙiƙa ba, domin su kuɓuta daga dokoki da kuɗaɗen hukumar wasanni.

Amma faɗuwar ta gaske ce. Ƙarƙashin shimfiɗar dandamalin katako ne da ƙarfe. 'Yan wasan suna shafe shekaru suna koyon yadda za su faɗi da faɗin baya su tsare wuyansu, da yadda wanda ake ɗagawa yake taimakon mai ɗaga shi. Duk da haka ana karyewa, ana gurguncewa. A watan Mayun 1999 Owen Hart ya faɗo daga rufin zaure a Kansas City yayin da ake sauko da shi da igiya, ya mutu. Mafi kusancin misali a wajenmu shi ne fim ɗin Kannywood: labarin ƙagagge ne, amma ɗan wasan da ya diro daga katanga da ƙafarsa ya diro.

Gadon da wasan ya bari

Survivor Series ya zama ɗaya daga manyan bukukuwa huɗu na kamfanin. A cikinsa Undertaker ya fara bayyana a 1990, kuma a wasan ɗauki-ɗai-ɗai ne. The Rock ma a irin wannan wasa ya fara a 1996, shi kaɗai ya tsira a ƙungiyarsa. A 2001, bayan McMahon ya saye WCW, da wasan biyar-biyar aka rufe labarin hamayyar kamfanonin. Daga 2022 aka mayar da hankali ga wani salo da ake yi a cikin keji, tsohon salon ya ja baya. André ya rasu a Faris a 1993, Hogan kuma a watan Yulin 2025.

Abin da ya fi sunayen nan daɗewa shi ne darasin da masu tsara wasa suka koya daga Bigelow: babu abin da ke tayar da 'yan kallo tsaye kamar mutum ɗaya da ya rage yana ɗauke da mutuncin ƙungiyarsa. Sun yi ta maimaita wannan labari shekara da shekaru, suna sauya fuskoki kawai.

Takobin Nijar, inda ba a rubuta ƙarshen labari

Wannan labarin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shekaru goma sha biyu kafin daren Richfield, a 1975, gwamnatin Seyni Kountché ta shirya gasar kokawa ta ƙasa karo na farko a Tawa. Ƙasar ta fito daga mummunan fari da yunwa, sojoji sun karɓi mulki a 1974, kuma suna neman abin da zai haɗa Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Buzu da Bafillace a fili ɗaya. Kokawa ta yi musu wannan aiki. Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya ɗauki takobin farko, wato kyautar da ake ba zakaran gasar.

Tsarin da ake bi a yau shi ne jihohi takwas, Agadas da Difa da Doso da Maraɗi da Tawa da Tilaberi da Damagaram da Yamai, kowace ta kawo 'yan kokawa goma, jimla tamanin. Gasar tana zagayawa daga jiha zuwa jiha, ana shafe kimanin kwana goma. Jiha tana karawa da jiha, mutum da mutum. Wanda ya sha ƙasa sau ɗaya ya fita daga neman takobi. To amma ga inda tsarin ya fi na Amurka yaji: wanda ya faɗi ba ya tattara kayansa ya tafi gida, yana ci gaba da kokawa wa jiharsa. Ba shi da abin da zai rasa, saboda haka shi ne mafi haɗari ga wanda bai faɗi ba. Sau da yawa gwanin da ake ji da shi a hannun irin waɗannan yake zubewa.

Kowace yamma abin da ake tambaya a tasha da kasuwa da wurin mai shayi shi ne mutum nawa suka rage wa kowace jiha. A ce Damagaram saura biyu, Tawa saura ɗaya, wata jihar kuma ta ƙare. Idan jiha ta rage da mutum ɗaya, duk nauyinta ya koma kansa. Za ka gan shi ya shigo fili ɗaure da guraye da layu, ya durƙusa ya shafi rairayi, ya miƙe ya ɗaga hannu yana kirari, makaɗa suna zuga shi, 'yan cali-cali masu ban dariya suna kwaikwayon tafiyarsa a gefe. Sai a yi shiru. Su sunkuya, kowa yana laluben wuyan ɗan'uwansa ko cinyarsa. Ana iya shafe mintuna ana dabara, ana iya gamawa kafin mai shayi ya juye kofi. Ba marubucin da ya san wanda zai tashi.

Gadon wannan gasa a bayyane yake. Filin kokawa na Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Doso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram sunan Langa-Langa. A wannan zamani Kadri Abdu na Doso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobi na shida a Agadas a ƙarshen 2023. Gidan talabijin da rediyon ƙasar suna watsa gasar kai tsaye, kuma mutanen Daura da Maigatari da Ɓaɓura sun daɗe suna bin ta, yanzu kuwa waya ta kai ta har Gafasa.

Ra'ayoyi mabambanta

Masu cewa ita ma kokawar Takobi shiri ce suna da abin da suke kafa hujja da shi. Kusan kowace shekara ana jin ƙorafin cewa wani ya sakar wa wani, ko don kuɗi, ko don wanda ya riga ya faɗi ya bar wa abokinsa hanya, ko alƙalai sun karkata. Kyaututtuka sun kai miliyoyin sefa, manyan 'yan kasuwa da 'yan siyasa suna zuba kuɗi, kuma inda kuɗi ya shiga zargi ba ya rasa wurin zama. Sai dai bambancin yana nan daram. A Nijar sayar da kokawa laifi ne, abin kunya ne, wanda aka kama ana hukunta shi, jama'a kuma su yi masa ihu. A resilin kuwa wanda ya ƙi faɗuwa a lokacin da aka rubuta masa ya faɗi, shi ne mai laifi. Maguɗi a cikin gasa daban, wasan kwaikwayo daban.

Ta fuskar addini, malamai da dama suna kawo labarin kokawar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Rukana, a matsayin dalilin halaccin kokawa ita kanta. Abin da suke ƙi shi ne abin da ke raɓe da ita: tsiraici, caca, dogaro da layu da tsafi, da shagala har lokacin salla ya wuce. Game da resilin ƙorafinsu ya fi yawa, saboda shigar mata da maza da kuma zage-zage. Akwai kuma iyaye da malaman makaranta waɗanda damuwarsu ba ta fatawa ba ce, ta karaya ce. Suna ganin yara suna ɗaga juna suna dokawa a kan busasshiyar ƙasa ko siminti. Wannan damuwa tana da tushe, domin kamfanin WWE da kansa ya daɗe yana saka gargaɗi cewa kada a gwada a gida.

Masu kare resilin su ma ba a rasa gaskiya a bakinsu ba. Sana'a ce mai buƙatar horo, kuma 'yan Nijeriya sun ci abinci a cikinta tun zamanin Power Mike a shekarun 1970, har zuwa Omos da Oba Femi da suka tashi a Legas suka shiga WWE. Wanda ya kalle ta a matsayin fim bai yi asarar komai ba sai cajin wayarsa. Matsalar tana wajen wanda ya ɗauke ta faɗan gaske, da wanda ya raina kokawar gida saboda ba ta da fitilu da kiɗan shigowa.

Abin da ya shafi Gafasa da maƙwabtanta

Kokawar gari da gari tsohuwar al'ada ce a ƙasar Kano. Bayan an kawar da gero da dawa da gyaɗa, samari sukan ɗauki makaɗansu su tafi wani ƙauye, a share fili, a fara da yara, a hau zuwa manya, gwanaye su zo a ƙarshe. Ƙungiya da ƙungiya ce tun asali, kuma mutuncin gari ake karewa. Abin da ya raunana ta sananne ne: samari suna tafiya ci-rani Kano da Abuja da Legas da zarar an gama girbi, ƙwallon Turai ta mamaye gidajen kallo, kuma babu wata kyauta da za ta sa saurayi ya zauna ya yi horo. Dambe ya fi ta sa'a, domin ya samu gidaje na dindindin da rukunoni irin su Kudu da Arewa da Jamus da Guramaɗa, ya kuma samu masu ɗaukarsa suna sakawa a intanet.

Idan aka ci gaba a haka, abin da ake hange shi ne yaran da za su iya lissafo zakarun Amurka amma ba su san sunan gwanin kokawar da aka yi a garinsu ba. Wannan kuwa ba laifin waya ba ne. Waya tana nuna abin da aka ɗauka ne, kuma ba a ɗauki tamu ba. Ga shi kuma ƙofa a buɗe take, domin ƙungiyar ECOWAS tana shirya gasar kokawar gargajiya ta ƙasashenta, ƙungiya da ƙungiya, kuma Abuja ta karɓi baƙuncinta a watan Maris 2025. 'Yan wasan da za su wakilci Nijeriya a irin wannan fage daga ƙauyuka za su fito, in an neme su.

Abin da Nijar ta yi ba ya buƙatar dandamali ko igiya. Yana buƙatar lokaci tsayayye a kowace shekara, doka rubutacciya wadda kowa ya sani, alƙalai da ba 'yan garin masu karawa ba, ma'aikacin lafiya a gefen fili, da kyautar da aka bayyana tun kafin a fara. Ƙaramar hukumar Ajingi tana da mazaɓu goma, Gafasa na cikinsu. Mazaɓa goma, kowace da 'yan kokawa biyar, sun isa gasar kaka ta ɗauki-ɗai-ɗai, wanda ya tsira ya je ya kara da na Gaya. Kira a nan ga hakimai da dagatai, da sashen wasanni na ƙananan hukumomin biyu, da ƙungiyoyin matasa, su zauna su tsayar da rana tun kafin samari su kama hanyar ci-rani.